Waɗanda aka raba Nassara a gabanku, wa kuka bi, kuma ya kuka kwashe?

Mai shago a Wadata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun rasuwar Hama Amadou ranar 23 ga Oktoba 2024 na lura yaranmu na fada ɗan adawa kawai suka san shi, mai shiga kurkuku ya fito. Ba su san ya fi shekara bakwai yana firaminista a ƙarƙashin Tandja ba, balle su san ya shugabanci majalisar dokoki daga 2011 zuwa 2014. Ba yabo nake nema ba, ba kuma zagi ba, wanda ya riga mu gidan gaskiya sai addu'a. Waɗanda ke cikin jam'iyyar MNSD-Nassara lokacin da ta dare biyu, wasu suka bi Hama, wasu suka tsaya da Tandja, ku faɗa mana abin da ya same ku a gida, a kasuwa ko a wurin aiki.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Yantala:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban bi shi ba, bari in fara da wannan.

Sai an san mece ce Nassara kafin a gane dalilina. A 1989 aka kafa ta, zamanin Ali Saibou, ita kaɗai ce jam'iyya a ƙasa. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso aka yi babban taron ƙasa a 1991, 'yan makaranta da ƙungiyoyin ƙwadago suka riƙa kiranmu 'yan mazan jiya. Ba su yi ƙarya ba. Jam'iyyar sarakuna ce, da manyan 'yan kasuwa, da irinmu da muka yi aiki tun zamanin Kountché, masu ganin ƙasa ba ta tafiya sai da ladabi da bin na gaba. A ƙarshen wannan shekarar Tandja ya zama shugaban jam'iyya, Hama sakatare janar. Hama ba baƙo ba ne a gare mu, ya riƙe gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ya yi ministan yaɗa labarai.

A 1993 na jefa masa ƙuri'a ya zama dipite a nan Yamai. Lokacin ana jin kunyar a ce kai ɗan Nassara ne. A ofishinmu idan na shigo sai hira ta mutu. Shi kuwa ya tsaya a majalisa yana mayar da martani, ba ya inda-inda, mu kuma muna manne da rediyo. Bayan shekara biyu kacal ya zama firaminista a ƙarƙashin Mahamane Ousmane, zaman doya da manja, har taron ministoci ya gagara, Baré ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairu 1996.

To da Hama ya kafa jam'iyyarsa ta Lumana a 2009 aka zo har zaurena a ce in biyo. Na ce a'a. Gidan da muka riƙe lokacin da ake jifansa ba zan bar shi don an ɓata wa mutum ɗaya ba, ko da an zalunce shi. Abokina na shekara da shekaru ya daina zuwa masallacin layinmu saboda wannan maganar. Sai a wajen sunan jikata muka sake gaisawa.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Baba, ai ba ɓatawa ba ce kawai. Ranar 31 ga Mayu 2007 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatinsa, alhali ɓangarensu ke da rinjaye. Ke nan na gida suka ba da wuƙa. Bayan shekara guda aka kai shi kurkukun Kutukale. Ya fito a 2009, Tazarcen Tandja ta kankama, aka rushe majalisar ma baki ɗaya. Wane gida ya rage da za a riƙe?

Ni na bi shi, maigidana ya tsaya da Baba Tandja. Da daddare shi da rediyonsa a tsakar gida, ni da tawa a ɗaki, kowa na jin tashar da ke faɗin abin da yake so. Ankon Lumana a ƙasan akwati nake ɓoye shi, sai na je gidan ƙanwata a Bukoki nake ɗaurawa. Bai taɓa hana ni ba, Allah ya jiƙansa, amma in ya ga na dawo da ƙura a ƙafa sai ya ce, "Hajiya, an ci zaɓen ne?"

Ranar da ba na mantawa ita ce 14 ga Nuwamba 2015, da ya dawo daga Faransa. Mun fita tarbarsa, hanyar filin jirgi a toshe. Aka harba barkonon tsohuwa, wata yarinya mai saida ruwan leda ta fasa min guda biyu a kallabi na rufe fuska da shi, ta ƙi karɓar ko dala. Ba mu ko hango shi ba. Daga jirgi aka wuce da shi, sai labari muka ji yana kurkukun Filinge.

Ɗan Adar, daga Tawa:
Ku na Yamai da sauƙi, gari naku ne. Ku zo Tawa ku ce ku 'yan Lumana ne ku gani. Nan gidan jam'iyyar PNDS-Tarayya ne, Zaki, wato Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ne a nan jihar Tawa.

Abin dariyar shi ne a 2011 mun zama 'yan gata. Hama ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa, ya mara wa Issoufou baya a zagaye na biyu, aka ba shi shugabancin majalisa. A fadarmu har shayin farko ake miƙo min. Da aka ɓata a Agustan 2013, mutanen nan dai, tabarmar nan dai, sai na koma mai wanke kofi. Wani ɗan kwangilar da nake yi wa aikin walda ya ce in zaɓa, ko aiki ko siyasa. Na zaɓi aiki a baki, ranar zaɓe kuma na shiga rumfar zaɓe na yi abin da na ga dama.

Malamar makaranta, Talaje:
Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwan sanyi. Ni ba 'yar Nassara ba ce, ba 'yar Lumana ba, amma na rayu a shekarun da yake riƙe da gwamnati. A Maris 2005 ina cikin waɗanda suka yi tattaki kan tsadar rayuwa, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su madara da fulawa, har da ruwa da wuta. Yamai ta yi tsit, kasuwanni a rufe, sai da gwamnati ta sassauta. A shekarar ne kuma aka yi yunwa. Ƙuri'ar 2007 ɗin da Hajiya ta ambata, kan badaƙalar kuɗin ilimi ce, wadda ake kira MEBA, har ministocin ilimi biyu suka shiga hannu. Shi ya ce ba ruwansa. Ban ce ya ci ba, ban gani ba. Amma mu da muke koyarwa a rumfar zana, yara a ƙasa, ba mu yi kukan faɗuwar gwamnatin ba.

Abin da nake ba shi shi ne iya magana da sanin aiki. In yana jagorantar zaman majalisa, ko ba ka sonsa za ka tsaya ka saurara.

Direban taksi, Harobanda:
Malama, gaskiyarki kan 2005, ni ma ban fita da mota ba ranar. Amma ki duba 2016. Mutum yana tsare a Filinge, bai yi taro ko ɗaya ba, 'yan Tarayya suna ta kirarin cin zaɓe a bugu ɗaya, ya zo na biyu da kusan kashi 18, sai da aka je zagaye na biyu. Mu muka yi masa kamfen. Hotonsa na manne a gilashin baya, wasu fasinja su gani su ƙi shiga, wasu su shiga su biya kuɗin mutum biyu. Ana saura kwana kaɗan aka fita da shi Faransa neman magani, aka ce mu ƙaurace wa zaɓen. Na zauna gida, amma raina bai so ba.

Maganar zargin safarar jarirai kuwa, kotu ta yanke masa shekara ɗaya a 2017, shi ya ce siyasa ce. Da ita aka hana shi takara a 2020. Kowa da abin da ya yarda da shi, a motata dai na hana wannan gardamar, don ta taɓa sa mutum biyu cacar baki har na wuce inda za su sauka.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Yantala:
Direba, ka tsallake wuri ɗaya. A 2020 wa ya ce ku zaɓa? Mahamane Ousmane, wanda suka kasa zama ɗaki ɗaya da shi a 1995. Manya suna shiryawa, mu ƙanana mu ke riƙe gaba. Kada a ce na ware kaina, mu ma Nassara ta kai mu wurin Issoufou a 2016, mutumin da muka yi ta suka a 2011. Na haɗiye na bi.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa:
To Baba, ashe kai ma an ja ka. Ni na zaɓi Ousmane ɗin, ban ji komai ba. Yanzu ma da aka rushe jam'iyyu duka a Maris 2025, ba Nassara ba Lumana, ƙungiyarmu ta mata tana nan, adashi muke yi duk Juma'a, har da matan Tarayya biyu a ciki. Mai shago, ka ce wa yaran fadarka su zo rumfata, ankon 2011 yana nan ban yar ba, su ga yadda muka yi shi. Sai dai su zo kafin la'asar, don da wuri nake rufewa.