"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama": lallashi ne ko rufe baki?

Yayar Ɗaliba:
Assalamu alaikum jama'a. Wata karin magana ce ta so ta haɗa rigima a gidanmu, shi ne na ce bari in kawo ta gaban masana. Ƙanwata ta nemi gurbin karatu a manyan jami'o'in Amurka guda biyar, irin waɗanda ake rububinsu. Shekara biyu tana wannan shiri. Ƙarshen watan Maris sakamako ya fito, ina zaune gefenta tana buɗe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka ce ta yi haƙuri, ta biyar ta sa ta cikin jerin masu jira. Tun daga saƙo na uku ta daina karantawa har ƙarshe, da ta ga an fara da doguwar godiya sai ta rufe. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tattara takardun da ta yi ta gwajin rubutu a kansu, ta zuba a kwali, ta tura ƙarƙashin gado.

Da dare kawunmu ya kira ta, ya ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Ta ce, "To Kawu, na gode." Tana ajiye wayar ta juyo ta ce mini, "Yaya, wato ni ce kwaɗon? In zauna a ƙasa inda na dace?" Na rasa amsa. Shin ita ce ta juya maganar, ko Kawu ne ya ajiye ta inda ba muhallinta ba?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sanyaya mata. Ɗiyata, ƙanwarki ta ji maganar ta baibai. Kwaɗo ba ya iya hawa ya ɗauko, saboda haka abin da aka rubuta nasa ne ba za a rataye shi inda ba zai kai ba, ƙasa zai same shi. Nauyin maganar yana kan rabon, shi ne ba ya guje wa mai shi. Babu inda aka ce kwaɗo ya san matsayinsa. Ƴar'uwar wannan karin maganar ita ce "zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Kawunku bai raina ta ba.

Ɗan Lissafi:
Ina bayan Malam, kuma alƙaluma ma suna bayansa. A 2022 mutum 61,220 ne suka nemi shiga jami'ar Harvard karatun digiri na farko, aka ba wa 1,954 gurbi. Kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin ɗari ke nan. Cikin kowane ɗari, kusan 97 sun sami irin saƙon da ƙanwarki ta samu, kuma dubbai daga cikinsu da an ɗauke su za su gama karatun lafiya lau. Idan waɗanda suka cancanta sun ninka kujeru sau da yawa, me ya rage da zai raba su? Wataƙila bana ana neman mai buga wani wasa, ko an riga an cika da masu son fannin da ta zaɓa, ko takardarta ta faɗo hannun wanda ya karanta ɗari kafin tata ya gaji. Idan wannan ba rabo ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba.

Mai Tsage Gaskiya:
Malam, da girman kujerarka, fassarar daidai ce, amma ni a wannan wuri wata karin maganar ce ta fi zama: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗan Lissafi ya kawo kashi 3, bai kawo sauran ba. Lokacin shari'ar da aka yi da Harvard kan yadda take ɗaukar ɗalibai, an fito da bayananta a kotu, aka ga ƴaƴan tsofaffin ɗalibanta kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka, alhali a jimillar masu nema a shekarun bai wuce kusan 6 cikin ɗari ba. Masana tattalin arzikin da suka bi bayanan, ciki har da Peter Arcidiacono, sun gano kashi 43 na fararen fatar da aka ɗauka ko dai ƴan wasa ne, ko ƴaƴan tsofaffin ɗalibai, ko ƴaƴan ma'aikata, ko waɗanda sunansu ke cikin wani jeri na musamman da galibi ya shafi masu ba da gudummawar kuɗi.

To in ka ce wa yarinya rabonta ne bai kai ba, ka tabbata ba wani ne ya ɗaga ƙwaryar sama da hannunsa ba? Kwaɗon nan fa wani lokacin yana kallo aka ɗauke abincinsa aka ɗora a kan shiryayye.

Baƙo Mai Wucewa:
Ni kuma sai in ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda iyayensa suka yi karatu a irin wannan wuri ya tashi cikin littattafai, ba abin mamaki ba ne ya fi cin jarrabawa. Ba kowane mai uwa a gindin murhu ne aka yi wa alfarma ba.

Mai Tsage Gaskiya:
An gwada wannan ɗin. A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman sun fitar da bincike kan manyan jami'o'i 12 masu zaman kansu. Sun kwatanta ɗalibai masu maki iri ɗaya a jarrabawar shiga, suka ga yaron da ya fito daga kashi 1 mafi arziki na gidajen Amurka ya ninka na matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen yiwuwar zama ɗalibi a can. Abin da ya fi ɗaukar hankalina: ɗan tsohon ɗalibi in ya nemi wata babbar jami'ar da iyayensa ba su yi ba, fifikon nan kusan ɓacewa yake yi. Da gudun barewa ne, ai ko'ina ya je zai yi gudun. Murhun ne ya bambanta.

Ban ma taɓo na ɓarayi ba. A watan Maris na 2019 aka bankaɗo Rick Singer, wanda iyaye suka biya kusan dala miliyan 25 don a gyara wa ƴaƴansu amsoshin jarrabawa ko a shigar da su a matsayin ƴan wasa. Akwai waɗanda aka shigar da sunan masu tseren kwale-kwale alhali ba sa yin wasan. Iyaye da dama sun yi zaman gidan yari. Kujerun da suka saya, rabon wa aka ba su?

Tsohon Malami:
Ɗana, ban musa maka ko ɗaya ba. Amma ka haɗa tambaya biyu wuri guda. Ko an yi adalci, wannan tambaya ce da ake yi wa mai rabawa. Yadda za a tashi gobe da safe a ci gaba, wannan ta wanda bai samu ba ce. Karin maganar ta biyun take amsawa. Ba a yi ta don wanke mai rabo da son kai ba. Da a ce jami'in ɗaukar ɗalibai ne ya faɗa wa yarinyar nan "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", da ni ne zan fara ce masa ya ji kunya, domin shi ne riƙe da ludayi. A bakin kawunta kuwa, wanda ba shi da ko kujera ɗaya da zai bayar, addu'a ce.

Mai Tsage Gaskiya:
Wannan rabe-raben na karɓa, Malam. Tsorona kawai shi ne yawan faɗar ta biyun yana sa a manta da ta farkon. Inda aka sami gyara, mutane ne suka ƙi yin shiru. Jami'ar Johns Hopkins da kwalejin Amherst sun daina fifita ƴaƴan tsofaffin ɗalibai, jami'ar MIT ta ce ita ba ta duba wannan. Jihar Colorado ta hana a jami'o'in gwamnati a 2021, California ta sa hannu kan dokar da ta shafi har masu zaman kansu a 2024. Surutun ya ƙaru ne bayan 29 ga Yuni 2023, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Sai mutane suka ce, to in an rufe wannan ƙofar da sunan adalci, ta ƴaƴan gata fa?

Inna Uwar Biyar:
Ku maza kun tafi kotu kun bar yarinya da kwali a ƙarƙashin gado. Ni matsalar da na gani ba ta fassara ba ce, ta lokaci ce. Karin magana kamar magani take, akwai wanda ba a sha da cikin da babu komai. Daren da abu ya faru mutum ba ya neman hikima, so yake a zauna kusa da shi, a ce "kin yi ƙoƙari, kuma abin da ciwo." Ɗana na biyu ya taɓa faɗuwa irin wannan neman, kwana uku ban ce masa komai ba sai "ka ci abinci?" A rana ta huɗu shi da bakinsa ya ce, "Inna, wani hani ga Allah baiwa ne." Da ni na riga shi faɗa, da cewa zai yi ban damu ba. Irin waɗannan maganganu sun fi daɗi in wanda abin ya shafa ne ya iso gare su da ƙafarsa.

Kuma ɗiyata, ki lura da abu guda. Yaran da ke neman irin waɗannan makarantu yawanci ba su taɓa jin "a'a" ba. Tun firamare su ne na ɗaya. Ba jami'a huɗu kaɗai ta rasa ba, sunan da ta san kanta da shi ne ya girgiza. Shi ya sa kalmar kwaɗo ta soke ta.

Baƙo Mai Wucewa:
A ba ta labarin Warren Buffett, hamshaƙin attajirin nan na Amurka. Makarantar kasuwanci ta Harvard ta ƙi shi a 1950, ya tafi Columbia, can ya haɗu da malaminsa Benjamin Graham, wanda ya koya masa hanyar zuba jarin da ta kai shi inda ya kai.

Ɗan Lissafi:
Labarin gaskiya ne, amma yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa za ta ce maka Columbia ɗin ma ai sama ce, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ga abin da ya fi ƙarfi. Stacy Dale da Alan Krueger sun bi ɗalibai shekaru bayan gama karatu, suka kwatanta waɗanda suka nemi jami'o'i masu daraja iri ɗaya amma suka ƙare a wurare daban-daban. Ga akasarinsu, kuɗin da suke samu daga baya bai bambanta sosai ba. Wato ƙwazon da ya sa mutum ya kai ga nema, da shi yake tafiya duk inda ya je. Sai dai kada in ɓoye rabin: sun ga baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba, su kam babbar jami'a tana ƙara musu sosai. Binciken su Chetty ma ya nuna tana buɗe ƙofar manyan kamfanoni da sahun masu kuɗi na can ƙololuwa. Abin takaicin ke nan, wanda kujerar za ta fi yi wa amfani shi ne ba shi da uwa a gindin murhu.

Mai Tsage Gaskiya:
Shi ya sa shawarar Michael Sandel, wanda shi kansa malami ne a Harvard, take burge ni: a tace waɗanda suka cancanta, sannan a jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Ba tatsuniya ba ce, ƙasar Holan ta shafe shekaru da dama tana raba guraben karatun likita da ƙuri'a, mai maki da yawa ya fi damar fitowa, kafin ta daina a 2017. Wanda ya samu ba zai ɗaga hanci ba, wanda ya rasa ba zai ce shi ne bai isa ba.

Tsohon Malami:
To ka ga a ranar ne ni da kai za mu faɗi karin maganar nan baki ɗaya ba mai harara.

Inna Uwar Biyar:
Ni dai ba na jin iyayen da suka kashe dukiya kan yaro za su yarda a ce ƙuri'a ce ta kayar da shi. Ɗan Adam ya fi son a ce an auna shi, ko da ma'aunin karkatacce ne.

Yayar Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na karanta mata bayanin Malam. Ta yi shiru, can ta ce, "To na yafe wa Kawu, amma ba na son a sake ce mini kwaɗo." Maganar murhu kuwa har dariya ta yi, karo na farko cikin mako biyu, ta ce wannan ita ce tata.

Akwai wata jami'a ta shida da ban ambata ba, don ita kanta ba ta lissafa ta. Ba ta da irin wancan suna, amma ta ɗauke ta tun watan Janairu har da tallafin karatu, kuma ranar 1 ga Mayu ne wa'adin ba da amsa. Da safiyar nan na ga ta jawo kwalin, tana neman takardar da suka aiko. Ta kuma rubuta wa waccan ta biyar cewa har yanzu tana so, in gurbi ya samu. Ta ce in tambayi Malam ko akwai karin maganar da aka yi wa wanda ke cikin jerin masu jira.

Tsohon Malami:
Akwai "mai nema yana tare da samu." Amma ki bi shawarar Inna, kada ki faɗa mata yanzu. Ta fara amsa wa ta shidan kafin wa'adi ya cika.