Daga Madina zuwa Dutsen Giwa na Al-Ula: yaya ake shirya tafiyar?

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin Umra a watan Agusta, mu huɗu ne har da mahaifiyarmu mai hawan jini. Muna so mu leƙa Al-Ula mu ga Dutsen Giwa, mu kwana ɗaya a can. Bizar Umra ta halatta haka? Wace hanya ake bi daga Madina, kuma zafin zai bari?

Alhaji Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun 2022 Saudiyya ta yarda mai bizar Umra ya zagaya garuruwan ƙasar. Bizar Hajji ce ba ta ba da wannan dama. Jirgin ƙasa na Haramaini bai kai can ba, sai mota ko jirgin sama ta Jidda ko Riyad. Daga Madina ya haura kilomita 300, kusan awa huɗu, ana ɗaukar hanyar Tabuka ta wajen Khaibar sannan a karkata yamma. Ku tashi da an idar da sallar Asuba, tanki cike, domin gidajen mai sun yi nisa da juna. Kada ku dawo da dare: raƙuma na tsallaka titi, ba a hango su sai an zo kansu. Ƙaramar mota kuma kada ta sauka daga kwalta ko burji. Yashin wurin laushi gare shi, da tayar ta nutse, ƙara wuta sai ƙara binne ta.

Anti Nas:
Hajiya, maganar Mama ce ta fi damuna. A Agusta zafin rana kan wuce digiri 40, iskar kuma busasshiya ce, gumi na bushewa tun bai fito ba, mutum ba ya sanin ruwan jikinsa na ƙarewa. Wasu magungunan hawan jini na sa yawan fitsari, to ka ga ruwa na fita ta hanya biyu. A kai ta wurin likitanta kafin tafiya, kada a dakatar da magani da ka. Kowa ya tanadi lita huɗu zuwa biyar a wuni, a riƙa kurɓa ko ba ƙishi. A riƙe ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha don mayar da ruwan jiki. In babu, lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In jiri da ciwon kai suka zo, a shiga inuwa. In ta fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a jiƙa jikinta, a yi mata fifita, a kira 997, lambar motar asibiti, nan take. Son samu ne a ɗage zuwa tsakanin Nuwamba da Maris, sai dai a zo da rigar sanyi, don daren hamada da hunturu ba wasa.

Ɗan Agadas:
Dutsen Giwa dai, Larabawa na ce masa Jabalul Fil. Jan dutse ne mai yashi-yashi, tsayinsa kamar mita 52, iska da ruwa ne suka rarake shi har gefensa ɗaya ya koma kamar hancin giwa ya taɓa ƙasa. Yana arewa maso gabas da garin Al-Ula, tafiyar minti ashirin. Da la'asar sakaliya ake zuwa, lokacin da rana ke jajanta shi. Akwai wuraren zama da aka haƙa cikin yashi. Masauki kuwa, otal ɗin Shaden ya fi kusa da dutsen. Habitas da Banyan Tree suna kwarin Ashar, kuma kuɗinsu ya fi na otal-otal ɗin cikin gari nesa ba kusa ba. A Disamba da Janairu farashi ke tashi saboda bukukuwa, a kama ɗaki da wuri. Motar haya ba ta samuwa cikin sauƙi da dare, ku yi ciniki da direba ya jira ku.

Malam Na Tsangaya:
A bambance wuri biyu. Dutsen Giwa daban, Hijir da ake kira Mada'in Salih daban, tana can arewa da gari, shiga sai da tikitin da aka saya tun farko. Ita ce Manzon Allah (SAW) ya ratsa a hanyar Tabuka, ya hana shiga gidajen Samudawa da aka halaka sai ana kuka, ya kuma sa a zubar da ruwan rijiyoyinsu. Kamfanonin yawon buɗe ido kan haɗa wuraren biyu a tsari ɗaya, don haka Hajiya ku duba tsarin kafin ku biya.