Allon taɓawa na Prius Prime ya tsage: gyara ko sauyawa?

Tambaya daga Abu Hafsa, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Toyota Prius Prime, mota mai aiki da fetur da kuma batir da ake caji, ƙirar 2018 wadda aka shigo da ita daga Amurka, irin mai dogon allon nan na inci 11.6 da ke tsaye a tsakiyar dashbod. Wani abu mai nauyi ya bugi allon ya tsage daga ƙasa, hoto yana fitowa sarai, amma rabin allon ba ya amsa yatsa, kuma a wannan rabin ne ake sarrafa ƙarfin iskar na'urar sanyaya mota. Wani mai gyara ya ba ni shawarar a cire shi gaba ɗaya a sa allon Android. Shin wannan shawara ce mai kyau?

Amsa daga Malam Rewaya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda hoto yana fitowa lafiya, alamu sun nuna cewa gilashin sama da ke gane taɓawar yatsa ne ya lalace, allon da ke ƙarƙashinsa kuma yana nan da ransa. Ana iya sauya gilashin shi kaɗai, sai dai aiki ne na mai haƙuri, domin idan an matsa wajen raba su, allon cikin ma zai fashe. Masu gyaran waya da kwamfuta sukan fi makanike iya wannan aikin.

Game da Android kuwa, ban goyi baya ba. A wannan mota allon yana magana da kwamfutar motar, yana nuna yadda wuta ke tafiya tsakanin inji da batir, yana riƙe da jadawalin caji da sarrafa sanyi. Na'urar da ba ta fahimci wannan sadarwa ba za ta ba ka waƙa da taswira, ta bar ka da zafin watan Afrilu.

Amsa daga Hajiya Ummu Sadik, Abuja

Idan gilashin bai samu ba, Malam, ka nemi cikakken allo na hannu daga motar da aka kwance, a Kofar Ruwa ko Ladipo ta Legas. Ka sa a fara ciro naka a duba lambar da ke manne a bayansa, kuma kada ka karɓi wanda lambarsa ta saɓa. Ka kiyayi wanda aka ciro daga Prius PHV, wato irin wannan motar da ake sayarwa a Japan, domin ko da kamanninsu ɗaya, rubutunsa na Japananci ne, zangon FM na rediyonsa kuma yana farawa ne daga 76, ba ya kaiwa 108, don haka tashoshinmu da yawa ba za su kamu ba. Ka sharɗanta a gwada shi a motarka kafin ka biya.

Ƙarin bayani daga Malam Rewaya

Hajiya ta faɗi gaskiya. Kafin a taɓa dashbod, a kashe motar, a zare kebul ɗin caji, a cire kan batir ƙarami mai ƙarfin wuta volt 12 da ke gaba wajen inji, sannan a jira aƙalla daƙiƙa 90 don kada jakar iska ta kariya daga haɗari (airbag) ta tashi. Babu dalilin da zai sa mai gyara ya kusanci wayoyin nan masu launin lemu, domin na babban batir mai tafiyar da motar ne, kuma wutarsu tana iya kisa.