Kaurin kankaren feshi a rami: awon leza ya isa ko sai an huda?

Ɗan Kwangila: Assalamu alaikum injiniyoyi. A ramin hanyar ƙarƙashin ƙasa da ake fasa dutse da nakiya sannan a fesa kankare, zane ya ce kauri santimita 10. In na'urar leza ta nuna an kai, dole ne sai an sake huda bango an auna?

Safiyo: Wa alaikumus salam Alhaji. Leza fuskar bango kawai take gani. Shi ya sa ake awo sau biyu, na farko bayan an cire duwatsun da suka yi lako-lako, na biyu bayan feshi. Kwamfuta ta ɗora wannan kan wancan, tazarar da ke tsakani ita ce kaurin, ta fito da taswira mai launi da ke nuna inda aka gaza.

Inda ake faɗuwa shi ne alamomin da ake kafawa a bango, waɗanda na'urar ke dogara da su don gane matsayinta. Kusa da goshin rami, wato inda ake fasawa, dutse yana ci gaba da matsowa ciki bayan fasawa, alamar da aka kafa a can ita ma tafiya take. In ta gusa da santimita 1, an yi kuskuren kashi 10 cikin 100 ke nan, taswira kuwa ta fito tsaf. A kafa su can baya inda motsi ya tsaya, a riƙa sake auna su. Kuma a jira fanka ta janye ƙura, jiƙaƙƙen bango ma yana rikita hasken.

Injiniyan Kankare: Gaskiyar Safiyo. Ƙari a kai, leza ba ta san ko kankaren ya kama dutse ba. Tsakuwar da ta yi tsalle lokacin feshi in aka rufe ta, ko kogon da ya saura bayan ragar ƙarfe, duk kauri za ta lissafa su. Sai a bi da guduma, wurin da bai kama ba yana ƙara kamar ganga. Huda kuwa tana nan a ƙa'idar Turai EN 14488-6, a huda ƙananan ramuka biyar a wuri guda, a auna zurfin kowanne. A ganina taswirar ce ya kamata ta zaɓi wurin huda, ba mai feshi ba.

Ɗan Kwangila: To yaushe ya fi dacewa a yi awo na biyun?

Safiyo: Kafin injin feshi ya bar wurin. Mai feshi ya duba allo, ya cike gurbin nan take. In aka bari sai gobe, sai an wanke bango da ruwa mai ƙarfi kafin sabon ya kama tsohon, ga kuɗin dawo da inji.