Wane suna za mu raɗa wa kwamfaila?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar ina koya wa wasu yara uku na unguwarmu yadda ake sa ayisin ATmega328P, wato ɗan guntun lantarkin nan da ake loda wa umarni, ya riƙa kunna fitila yana kashewa. Mun ɗora kayan aikin a Ubuntu, gcc-avr da avr-libc da avrdude, duk kyauta, data kawai muka ƙona. Bayani na tafiya da Hausa tsaf, sai ƙaraminsu ya ce, "Yaya, wai ita kwamfailar nan mece ce?" Na ce masa tafinta ce. Tun da na faɗa raina bai kwanta ba. A taimaka da kalma.

'Yar Kongo:
Wa'alaikumus salam. Maharhaɗi mana. Ai asalin kalmar harhaɗawa take nufi.

Ɗan Samaru:
Yaya, na yi tunanin wannan. To amma a cikin kayan akwai wata manhajar daban, linka, wadda aikinta ke nan: ta ɗauko guntayen da aka riga aka juya, ta haɗa su da na avr-libc su zama abu guda. In muka ba kwamfaila maharhaɗi, ita kuma linka mu kira ta me?

Bakanike na PZ:
Ku dai kuna son wahala. Mu a shago kwamfaila muke cewa, filashin muke cewa, kuma aiki na tafiya. Wa ya taɓa nema wa sukurdireba suna?

Malamin Tudun Wada:
Bakanike, ba ka yi ƙarya ba, ita ma tafintar ai aro ce daga Turanci, bakin Bahaushe ne ya murɗe ta har ta zama tamu. Sai dai yaron ba suna ya tambaya ba, aiki ya tambaya, kuma kwamfaila ba ta gaya masa komai.

Ɗana Ɗan Samaru, ga dalilin da ranka bai kwanta ba. Tafinta a kotu yana tsaye ne, a faɗi jimla ya juya, a faɗi wata ya juya. In ya tafi, magana ta tsaya. Haka manhajar da ke gudanar da harshen Python take aiki, don haka a bar mata tafinta. Ita kuwa kwamfailar taku, avr-gcc, zama take ta karanta rubutunka na harshen C tun daga farko har ƙarshe, ta mayar da shi harshen da ayisin ke ji, ta koma gefe. Ka fitar da fayil ɗin hex, avrdude ta loda shi cikin ayisin ta USBasp, na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta, ka zare waya ka rufe kwamfuta, fitila na ci gaba da ƙiftawa. Wannan aikin mai fassara littafi ne, wanda ake karanta aikinsa ba ya wurin. Mu Zazzagawa bai kamata wannan ya shige mana duhu ba, garin da Kamfanin Gaskiya mai buga littattafai yake.

Ina ganin mafassari. Ƙirar sunan kayan aiki ce, kamar mabuɗi da ma'auni da magogi.

'Yar Kongo:
Allah ya gafarta Malam, ba za a ɗauka mutum ake nufi ba?

Malamin Tudun Wada:
A rubuce iri ɗaya ne, a baki karin sauti ne ke raba su. Kuma da kin ce mafassarin C, ba mai neman mutum.

Ɗan Samaru:
Malam, wannan ta zauna mini, har ta warware mini wani abu. Ranar, mun gaya wa mafassarin cewa ayisin na gudu a megahaz 16 kamar na allon Arduino Uno, alhali sabo fil daga leda a megahaz 1 yake. Fitilar da muka ce ta jira daƙiƙa ɗaya sai ta riƙa shafe daƙiƙa 16. Yaran suka ce manhajar ta lalace. Ba ta lalace ba, abin da muka rubuta ta fassara.

Bakanike na PZ:
To shi ayisin fa, mai ƙafa 28 ɗin, shi ma za ku raɗa masa?

Ɗan Samaru:
Oga, wannan mun bar muku. Asabar mai zuwa zan gwada mafassari da maharhaɗi a kan yaran, in ji wanda zai kama bakinsu.