Tambaya: ina son fara tara tsohon Doctor Who a faifai, DVD zan bi ko Blu-ray?

Dan_Tauraro ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Ni dai sabon Doctor Who na sani, shirin talabijin ɗin nan na Ingila, wanda aka dawo da shi a 2005, to yanzu kuma sha'awar tsohon ce ta kama ni, wato wanda BBC ta fara a 1963 aka tsaya a 1989, kuma so nake in mallake shi a faifai in jera abina, ba wai kullum in riƙa neman sa a intanet ba. Da na fara dubawa sai kaina ya ɗaure wallahi, DVD ɗin kowane labari da kwalinsa daban, wani labarin ma sai ka ga kala biyu ɗaya an rubuta masa Special Edition, ga kuma Blu-ray da ake ce wa The Collection shi kuma zango-zango yake fitowa amma lambobin ba a jere suke ba, sannan na ga wasu suna cewa wai akwai kashi-kashi da babu su a duniya gaba ɗaya, to idan haka ne me ake sayar wa mutane da sunan su?

Don Allah wanda ya sani ya ɗora ni a hanya, ta ina zan fara, kuma wanne ya fi dacewa da wanda bai da ko ɗaya a hannu. Na gode.

Malam_Gallifrey ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa, amma bari in fara cire maka wani abu daga rai tun yanzu: ba za ka taɓa haɗa shi cif ba, don ita kanta BBC ba ta da shi cif. Zango 26 ne, kashi kusan 700, kuma sama da 90 daga cikinsu sun ɓata, dukkansu daga shekaru shidan farko ne, zamanin baƙi da fari na William Hartnell da Patrick Troughton, 'yan wasan da suka fara fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin. Dalili kuwa a wancan lokacin tef ɗin bidiyo tsada gare shi, idan an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai, ga kuma yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa da ta taƙaita maimaita shiri, sannan da talabijin mai kala ta shigo sai suka ga kamar ba mai sake waiwayar baƙi da fari. Haka aka yi ta goge-goge har wajen 1978 kafin su farga. Abin da ya tsira mafi yawa kwafin fim ne mai milimita 16 da ake bugawa don sayar wa gidajen talabijin na wasu ƙasashe. Labari irin Marco Polo kashi bakwai ne kuma ko ɗaya babu.

Abin da ake sayarwa da sunan waɗanda suka ɓata kuwa, sautin ne ya cece su. Akwai masoya shirin da suke ajiye rikoda kusa da talabijin suna naɗar murya lokacin da ake nunawa, saboda su ne yau kowane kashi akwai sautinsa. To sai a ɗauki wannan sauti a zana katun a kai, kamar The Power of the Daleks da aka yi a 2016 da The Macra Terror a 2019, ko kuma a jera hotunan da aka ɗauka daga fuskar talabijin a lokacin, akwai wani mai hoto John Cura da wannan ce sana'arsa.

Yanzu ga amsarka. Ni in da yau zan fara ba ni da komai, Blu-ray zan bi. DVD an fara shi tun 1999 da The Five Doctors kuma labari-labari aka riƙa saki ba tsari, yau na Tom Baker, Dakta na huɗu, gobe na Hartnell, shi ya sa in ka ce sai ka haɗa su za ka cika kanta guda da kwalaye sama da ɗari. The Collection kuwa a 2018 aka fara da zango na 12, suka tsallaka 19 suka dawo 18, haka suke yi har yanzu, amma kowane kwali zango guda ne cikakke, mafi yawan ƙarin abubuwan da ke kan DVD an kwaso su an ƙara sabbin hirarraki. Ka fara da zango na 12 ɗin, shi ne farkon Tom Baker, a ciki akwai The Ark in Space da Genesis of the Daleks, in waɗannan biyun ba su kama ka ba to ka adana kuɗinka kawai, tsohon shirin ba naka ba ne.

Sadiqu77 ya rubuta:

Malam da girmanka amma gsky ban yarda da kai ba a nan. Kada yaron nan ya dauka in ya sayi Blu-ray zai ga hoto tar irin na sabon shirin, ai mafi yawan abin a tef din bidiyo aka dauke shi cikin situdiyo, layin hoto 625 ne iyakarsa na farko-farkon ma 405, babu wani HD da ke boye a ciki da za a tono, kara masa girma kawai aka yi aka dan goge. Labari daya tilo da aka dauka gaba daya a fim shi ne Spearhead from Space na 1970 farkon Jon Pertwee Dakta na uku, shi ma yajin aiki ne ya hana su shiga situdiyo, shi kam Blu-ray dinsa na gaske ne ya fito tun 2013. Sauran sai dai wuraren da aka dauka a waje in fim din asali yana nan. Ni DVD nake tarawa kuma ban ga abin da na rasa ba, na hannu suna nan birjik tunda mutane na ta sayar da nasu suna komawa Blu-ray, kuma kana zaben labarin da kake so ne ba a hada maka da wanda ba ka so ba, kowane zango fa akwai labarin da in ka kalla sau daya ba za ka kuma ba wlh

Malam_Gallifrey ya rubuta:

Sadiqu maganarka gaskiya ce kan hoton, ban ce zai ga gashin girar Tom Baker ɗaya-ɗaya ba. Amma bambancin yana nan, DVD ɗin farko-farko an matse su sosai kuma gyaran lokacin bai kai na baya ba, ai shi ya sa ma suka sake fitar da wasu da sunan Special Edition da kwalayen Revisitations, wato su da kansu sun san na farkon bai yi ba. To wanda zai bi DVD sai ya san wanne ne tsohon bugu wanne ne sabo, wanda ya bi Blu-ray an ɗauke masa wannan ciwon kai. Inda zan ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne zamanin baƙi da fari, nan kam dole mutum ya haɗa da DVD da fayafan katun ɗin nan, don zangon da rabin sa ya ɓata ba shi da sauƙin haɗawa a kwali ɗaya. Zango na 2 ne na farko da suka fitar a baƙi da fari a 2022, kuma ba mamaki tunda kashi biyu kacal ya rasa, duka daga The Crusade.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Ku kuna ta musu kan hoto kun bar abin da zai fi cutar da shi. Ɗana, kafin ka sayi ko faifai ɗaya je ka juya bayan na'urarka ka ga lambar yankin da ke jiki. DVD na Ingila yanki na 2 ne, na Amurka da Kanada yanki na 1, na Ostireliya yanki na 4, in na'urar ba mai cin kowane yanki ba ce za ta tofo maka faifan ne kawai. Blu-ray shi kuma da haruffa yake tafiya, A da B da C, Amurka tana A, Turai da Afirka da Ostireliya suna B. Kuma ko ka tsallake wannan akwai wani tarkon, shirin Ingila ne an ɗauke shi a tsarin da hoto ke sauyawa sau 50 a daƙiƙa, Amurka kuwa 60 suke amfani da shi, to bugun Amurka sai da aka juya shi, kuma na'urorin can da yawa ba sa iya karanta na 50 ɗin. Ni a ganina in kayanka za su iya, ka tsaya kan bugun Ingila tun daga farko har ƙarshe, shi ne yadda aka yi abin, motsin ya fi zama daidai.

Sannan kada sunan ya ruɗe ka ka sayi abu ɗaya sau biyu, abin da Ingila ke kira zango na 12 shi ne a Amurka aka rubuta wa Tom Baker Complete Season One, labarai iri ɗaya kwali daban. Akwai kuma ɗan yanke-yanke saboda haƙƙin waƙa, misali The Chase na 1965 akwai wurin da aka nuna mawaƙan Beatles a allo, a DVD na yanki na 1 an cire shi.

Batun kwali kuma, The Collection yakan fara fitowa a kwali na musamman mai ɗan littafi wanda ake bugawa kaɗan, kafin ka ce me ya ƙare sai 'yan kasuwa su riƙa tsawwala masa kuɗi, daga baya kuma a sake fitar da shi a kwali na gama-gari. In kallo ne ya dame ka ba ado ba, jira na biyun. In kuma na hannu za ka saya ka ce a nuna maka hoton bayan faifan, wanda ka ga cikinsa ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan malmo to ƙona shi aka yi a kwamfuta, jabu ne, orijinal azurfa yake.

Bature_Baki ya rubuta:

Ni abin da ya sa na shigo, Malam ya ce an sayar wa wasu ƙasashe kwafi bai faɗi inda aka tsinto su ba. The Tomb of the Cybermen an daɗe da fidda rai da shi sai ga shi daga Hong Kong a 1992. Babba kuma shi ne na 2013, wani mai farautar tsofaffin fina-finai Philip Morris ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos, Najeriya, kashi tara da ake nema, biyar na The Enemy of the World wanda da su labarin ya cika, huɗu na The Web of Fear wanda ya rage kashi na uku, shi ne aka yi masa katun a 2021. Duka na Troughton ne kuma duka suna faifai yanzu. The Enemy of the World ka neme shi ko da ba ka shirya shiga baƙi da fari ba, Troughton mutum biyu ya fito a ciki, Dakta da mugun, za ka sha mamaki.

Abin da nake so ka gane, tarin nan motsi yake yi. Akwai kwalin Lost in Time na 2004 da aka zuba marayun kashi-kashi a ciki, waɗanda 'yan uwansu suka ɓata, to wasu daga cikin marayun nan daga baya an gano danginsu ko an zana musu, sai faifan da kake da shi ya zama tsohon yayi. Kada ka ji haushi, haka harkar take. Ko na Pertwee masu kala ma sun sha wuya, wasu kalar ce ta ɓata aka bar baƙi da fari, sai aka gano cewa akwai wasu ɗige-ɗige da suka maƙale a jikin fim ɗin waɗanda suke ɗauke da bayanin kalar, da kwamfuta aka karanto su aka mayar, haka aka yi wa mafi yawan The Mind of Evil kafin ya fito a 2013. Irin waɗannan bayanan duk suna cikin ƙarin abubuwan da ke faifan, ni wani lokacin ma sun fi labarin daɗi.

Kuma ka yi dabara da ka ce faifai. Da BBC ta zuba tsohon shirin a iPlayer, dandalinta na kallo a intanet, a 2023, labarin farko ɗungurungum An Unearthly Child ba ya ciki saboda rikicin haƙƙin mallaka da magajin marubucin, amma wanda yake da kwalin The Beginning na 2006 ko a jikinsa.

Dan_Tauraro ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Mama na duba kamar yadda kika ce, ta Blu-ray ɗin B ce, saura in gwada ko tana cin DVD na yanki na 2. To abin da na tsayar, zan fara da zango na 12 a kwalin gama-gari, in haɗa da The Enemy of the World tunda yaya Bature ya kwaɗaita min, sai The Beginning in na samu. Tambaya ta ƙarshe, akwai rubutun ƙasa a jiki? Don Turancin tsofaffin nan wani lokacin sauri gare shi kuma sautin ba ya fita sosai.

Sadiqu77 ya rubuta:

Akwai, har kala biyu ma, daya na maganar da suke yi daya kuma na bayanin yadda aka dauki shirin yana fitowa a kasa kana kallo, wancan na biyun kada ka kunna shi a kallon farko zai tona maka karshen labari. Kuma The Beginning din da ka ce DVD ne fa, ka ga tun ba a je ko'ina ba ka shigo layinmu, Malam sai hakuri