Zaɓen Fentin Shimfiɗa Don Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

Masu gogewa sun yi ittifaƙi cewa abin da aka ƙera jirgin da shi ne ke yanke hukunci wajen zaɓen fentin shimfiɗa, wato fentin farko da ake fesawa kafin launi. Jirgin tagulla yana buƙatar fentin shimfiɗa mai ɗan asid wanda ke cin fuskar ƙarfen, in ba haka ba fentin zai ɓare. Na roba kuwa, kaifin sinadarin da ke cikin nau'in fentin da ake kira lacquer yana iya narkar da shi, don haka a fara gwaji a cikin jikinsa. A wanke jirgin da sabulu tukuna, sannan a fesa kaɗan-kaɗan, domin a ma'aunin HO, wato 1:87 na girman jirgin gaske, feshi mai kauri yana binne kawunan ƙusoshi, abin da nake ganin babbar asara ce. Fentin shimfiɗa mai ruwan toka ya dace da yawancin launuka, amma ja da rawaya sun fi fitowa a kan fari.